Yadda Ake Tara Jaruman Ƙarfe a Legas Ba Tare da Danshi Ya Cinye Su Ba

Shekarata shida ke nan ina tara ƙananan mutum-mutumin ƙarfe na jaruman Marvel da DC, kamfanonin littattafan zane da fina-finai na Amurka. Duk yaron da ya shigo ɗakina a Agege ya ga shogilas ɗin, tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, nawa ka sayo wannan?" Ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi suka kai yau da fentinsu. Sai yaro ya je ya sayi nasa, bayan wata uku ya dawo mini da Batman ɗinsa a leda, wuyan ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa garin alabo, wai in duba masa. Saboda irinsu na zauna rubuta wannan.

Da farko ka san abin da ke hannunka. Muna ce masa ƙarfe, amma ba irin ƙarfen ƙofa ko rodi ba ne. Haɗi ne da ake kira zamak: yawancinsa tutiya, sai alminiyon kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan jan ƙarfe da magnesiyam. A narka shi, a ɗura a mazubi da matsi mai ƙarfi, ya fito da siffar jarumin. Shi ya sa mayen ƙarfe ba ya kama shi. A gabana wani saurayi ya ajiye Iron Man na asali a kasuwar Katangua, wai jabu ne tunda mayen ƙarfensa bai manne ba. Ban ce masa uffan ba, yana juya baya na biya. Gwajin gaskiya shi ne nauyi da sanyi. Ɗora shi a kumatunka, ƙarfe zai yi maka sanyi muddin ba a rana ya zauna ba, roba kuwa ɗumi za ka ji. Sannan ka juya tafin ƙafarsa ka nemi sunan kamfanin da tambarin Marvel ko DC a zane a jiki. Idan kai ko mayafi ko tafin hannu ya kasance roba, kada ka tsorata, haka ake yin yawancinsu.

Na biyu, ka tsaya a layi ɗaya. Mai sayen duk abin da ya gani, ƙarshensa ɗakinsa ya koma teburin mai kayan koli. Ni dokata ita ce masu tsayin inci 4 na kamfanin Jada Toys: suna da nauyi a hannu, ba sa cin wuri, kuma asararsu ba ta sa mutum kwana ba barci. Suna da wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai inci 2 ba, amma waɗannan ɓata suke yi a ƙarƙashin gado. Can sama akwai Iron Man na Hot Toys, kamfanin Hong Kong, mai tsayin kusan santimita 30, da fitilu a ƙirji da idanu. Kuɗinsa ya haura dala 300 kafin a zo maganar aiko da kwastan. Lissafa wannan da canjin yau, za ka gane dalilin da ya sa nake cewa sabon shiga ya bar shi tukuna. Idan kuma ka ci karo da na Eaglemoss, kamfanin Ingila da ya durƙushe a 2022, ka sani na farko-farkonsu da dalma aka yi su. Kada yaro ya kai su baki, kai ma ka wanke hannu bayan ka taɓa.

Wajen saye, gwanjo ya fi mini komai. Katangua da ke wajen Abule Egba, ko Aswani ranar Talata, da sassafe lokacin da ake kwance dila. A cikin tarin kayan wasan yara ake tsintarsu. Kada fuskarka ta nuna ka san darajar abin. Ɗauki wata motar roba ka haɗa da shi, ka taya su tare. Da mai kayan ya ga idonka ya tsaya a kan abu ɗaya zai ce "Malam, wannan na musamman ne," kuɗi ya ninka. Idan ta Instagram ko Jiji za ka saya, a yi maka bidiyo a hasken rana, a juya shi gaba da baya, musamman hammata da wuya da ramin kusoshi. Fentin da ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar fatar kaza, bar musu kayansu, ciwon yana ƙarƙashi. Oda daga eBay kuwa da awo ake cajin aiko, ƙarfe kuma ba auduga ba ne, sai ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi kwali ɗaya.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, har da ni. Mu da muka taso a Arewa abokin gabarmu ƙura ce, maganinta kuma mun sani: a wanke, a rufe. Da wannan tunanin na zo Legas. Wata Asabar a watan Yuni na kwaso guda tara, na zuba su a baho da garin sabulu, na cuɗa da tsohon buroshin haƙori, na goge da tawul. Suka yi ƙyalli gwanin sha'awa. Na sa kowanne a ledarsa na ƙulle, na jera a akwati a ƙasan gado, jikin bangon da ke jiƙa duk damina. Sai bayan Babbar Sallah na buɗe. Huɗu sun yi farin gari a gaɓoɓi. Black Panther, wanda na fi so, fentin ƙirjinsa ya kumbura, ina taɓawa da farce ya ɓare ya bar tabo kamar ƙwayar gero. Kusoshin bayansu, da yake su baƙin ƙarfe ne, sun yi jar tsatsa har ta zubo a kan fenti.

Abin da ya faru shi ne, ruwan da ya shige gaɓoɓi da ramin kusoshi bai fita ba, tawul saman kawai ya share. A Kano da rana ɗaya ya bushe. A nan garin da teku da lagun suka kewaye, danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100 da damina, ga gishirin teku ga waɗanda ke zaune wajen Obalende ko Lekki. Tutiya idan ta zauna cikin laima ba iska, farar tsatsa take yi, ta bi ta ƙarƙashin fenti ta ɗaga shi. Ledar da na ɗauka kariya ce, ita ta riƙe musu ruwan.

Don haka ga tsarin da nake bi yanzu, kuma ban yarda da wani ba. Ruwa ba ya taɓa su, ko ɗigo. Shogilas mai rufuwa sosai, a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ranar da ruwa zai shigo ɗaki. A kowane hawa a ajiye ƙunshin silika, waɗannan fararen ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi ko waya. Ni wajen wani mai shagon takalma nake karɓa kyauta, amma wanda ake sayarwa mai canza launi ya fi, don shi zai gaya maka ya ƙoshi: shuɗi ya koma ruwan hoda, ko ruwan lemo ya koma kore. Idan ya canza ba zubarwa ake yi ba, a baza shi a faranti a gasa da wuta kaɗan-kaɗan har launin ya dawo. Ka sayi ƙaramin agogon auna danshi ka sa ciki, ka riƙa neman ya tsaya tsakanin 40 da 50. Da ya wuce 60, silikarka ta gaji. Kada ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Ana ɗauke wuta ka buɗe taga, ƙarfen da ya yi sanyi zai fara gumi kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firij.

Wanda ya riga ya kamu, a kankare farin garin da busasshen buroshi mai laushi da tsinken sakace, a shafa ɗan kakin goge mota marar yashi a inda ƙarfe ya fito fili. Amma idan jikin ya tsattsage yana kumbura yana marmashewa, wannan wata cuta ce ta ƙarfen da aka gurɓata da dalma tun wajen narkawa, an fi ganinta a tsofaffin kayan shekarun 1930 zuwa 1950 da kuma jabu masu arha. Ba ta da magani, a yi haƙuri.

Sauran ba su da wuya. Ƙurar hunturu, buroshin kwalliyar mata ya isa, sabo dai, ba na uwargida ba. Kananzir, fetur da ruwan goge jan farce duk suna cin fenti. Rana tana koɗar da ja, Spider-Man da Iron Man su ne farkon shan wahala, a nisanta su da taga da hayaƙin janareta. Masu fitila a cire musu batir, don idan ya fashe a ciki shi ke nan. Mayafin roba kada ya daɗe manne da fenti a zafi, danƙo yake yi. Maganar ajiye mutum-mutumi a gida kuwa, ni ba na sa su a ɗakin da nake sallah, sauran bayani ka nemi malaminka.

Kwalin da ya zo da shi kada ka yar, da shi ake sayarwa da daraja, sai dai kyankyaso na son sa, a sa shi a robar ajiya mai murfi da silika. Ranar tashi daga gida kuma ka naɗe kowanne daban a tsohuwar singileti, ka riƙe jakar a cinyarka. Kada ka bari kwandastan danfo ya jefa ta but.