Ga masu gasa tukwane a Legas: danshin nan ba na Kano ba ne

Salamu alaikum 'yan uwa magina. Wanda ya koyi ginin tukwane a Arewa ya zo Legas, sai ya sake lissafin shanya. A Kano lokacin hunturu iska ce ke yi maka aikin. Nan kuwa, musamman a watan Yuni da Yuli, tukunya za ta yi fari a waje, cikinta na riƙe da laima. Ku ɗora gindinta a kumatu. In kun ji sanyi, ba ta bushe ba, kada ta shiga tanderu.

Ranar gashi ma a bi a hankali. Ruwa na zama tururi ne a digiri 100 na ma'aunin Celsius, in bai samu hanyar fita ba sai ya fasa tukunyar, har ta ɓata maƙwabtanta. Don haka ku riƙe wuta ƙasa da 100 na wasu awoyi, ƙofa a ɗan buɗe. Wuri na biyu mai haɗari shi ne wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya; a hawa da a sauka duk kada a yi gaggawa. Gashin farko, wato wanda ake yi wa ɗanyar tukunya bayan ta bushe, yakan tsaya tsakanin digiri 900 da 1000.

Ni dai a garin nan na fi yarda da tanderun gas, don na lantarki in an ɗauke wuta tsakiyar gashi, sai haƙuri.

Masu kai kaya Agege ko har Arewa a mota, ku naɗe kowace tukunya ita kaɗai da jarida, ku cusa takarda a cikinta, masu nauyi a ƙasan kwali.