Shawara kan yoyon murafen nozul a tsofaffin injinan dizal

Ga masu tsofaffin motocin Ford na Amurka masu injin dizal mai lita 6.9 ko 7.3 samfurin IDI (wato wanda nozul ɗinsa ke fesa mai a wani ɗan gurbi kafin ya shiga silinda), waɗanda aka ƙera tsakanin 1983 da 1994, murafen robar da ke kan nozul, masu mayar da rarar mai zuwa tanki, su ne suka fi yawan yoyo. Kowane murfi yana zaune a kan zoben roba biyu, kuma idan zafin inji ya busar da su, iska takan shiga, man ya zurare baya cikin dare, da safe mota ta tashi ta sake mutuwa.

Shawarata ita ce a sauya duka murafen takwas da ke kan injin tare da tiyonsu a lokaci guda, domin taɓa ɗaya yakan motsa na kusa da shi. A nemi zoben Viton, wani nau'in roba wanda ya fi jure zafi da man dizal. Kafin a ɗora murfi, a shafa yatsa a bakinsa na ciki. Idan an ji kaifi, a goge shi a hankali, don shi ne yake yanka sabon zobe. Sannan a shafa ɗan basilin, a danna murfin a miƙe har ya zauna daram.