Yadda Mai Ɗaukar Ma'aikata Zai Bi Sawun Sababbin Dokokin Ƙwadago

Duk wanda ke bibiyar dokokin ƙwadago zai lura cewa tambayar da kotu ke yi wa mai kamfani ta sauya salo a 'yan shekarun nan. A da ana duba matakin da ya ɗauka bayan ma'aikaci ya kawo ƙorafi, yanzu kuwa ana so ya nuna abin da ya yi tun kafin matsalar ta taso, kuma ya nuna shi a rubuce. A Birtaniya, alal misali, daga ranar 26 ga Oktoba 2024 doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata alhakin ɗaukar matakan da suka dace don hana cin zarafin da ya shafi lalata a wurin aiki, kuma idan kotun ma'aikata ta gano ya yi sakaci tana iya ƙara har kashi 25 cikin ɗari a kan diyyar da za ta yanke masa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ka riƙe a duk lokacin da sabuwar doka ta fito.

Abu na farko shi ne ka samo dokar kanta, kada ka tsaya ga abin da jarida ta ruwaito. Labari yakan faɗi cewa an sa hannu a kan doka, amma ba kasafai yake bayyana ranar da za ta fara aiki ba, ko kuma waɗanda aka keɓe. Waɗannan abubuwa biyu ne za su gaya maka ko dokar ta shafe ka yau, ko sai baɗi, ko ma ba ta shafe ka ba sam. Dokar Ostireliya da ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa kira ko saƙon aiki bayan an tashi ta fara aiki a watan Agusta 2024, amma ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 15 an ɗaga musu ƙafa har zuwa Agusta 2025. Saboda haka ka ƙidaya ma'aikatanka da kyau, har da masu aikin wucin gadi, ka tambayi lauya yadda dokar ƙasarku ke lissafa su.

Daga nan sai ka ɗauko takardun da ke hannunka, wato takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata da jadawalin albashi, ka bi su layi bayan layi kana gwada su da sabon tanadin. Nan ne aikin yake da cin rai, kuma nan ne mafi yawan kurakurai ke ɓuya, domin kamfanoni da dama suna amfani da takardar kwantiragi guda da aka rubuta shekaru goma da suka wuce, suna sauya suna da kwanan wata kawai. A mafi yawan ƙasashe, sharaɗin da ya gaza abin da doka ta tanada ba ya da ƙarfi ko da ma'aikaci ya sa hannu a kansa da yardarsa, don haka sa hannun ba zai kare ka ba.

Batun albashi ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar Tarayyar Turai kan bayyana albashi, wadda aka amince da ita a 2023 aka kuma ba ƙasashen ƙungiyar wa'adin shigar da ita cikin dokokinsu zuwa 7 ga Yuni 2026, ta wajabta a gaya wa mai neman aiki albashin gurbin, ko iyakarsa ta ƙasa da ta sama, kafin a zauna ganawa da shi, ta kuma hana a tambaye shi nawa ake biyansa a inda ya baro. Idan rahoton kamfani ya nuna tazarar kashi 5 cikin ɗari ko fiye tsakanin maza da mata masu aiki iri ɗaya, kuma babu hujjar da ta gamsar, dole a zauna da wakilan ma'aikata a binciki tsarin albashin. Ko kamfaninka ba ya Turai, yana da kyau ka gwada kanka da wannan awo: ka ɗauki mutum biyu masu muƙami ɗaya da ake biyansu kuɗi daban, ka rubuta dalilin bambancin a jimla biyu. Idan abin da ka iya rubutawa shi ne cewa ɗayan ya fi iya ciniki ranar da aka ɗauke shi, to akwai gyara a gabanka.

Haka kuma ka sake duba waɗanda kake kira 'yan kwangila masu zaman kansu. A watan Fabrairu 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber, kamfanin tasi da ake kira ta manhajar waya, da suka kai ƙara suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, kuma ta kai ga hakan ne ta hanyar duba wanda ke yanke farashi da wanda ke juya aikin a zahiri, ba sunan da aka rubuta a takarda ba. Idan kai ne ke tsara wa mutum lokacin aiki, kake yanke masa kuɗi, kake kuma hukunta shi in ya ƙi aiki, ka sa a ranka cewa alƙali zai iya ɗaukarsa a matsayin ma'aikacinka.

Game da cin zarafi, Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 ta kuma fara aiki a 2021, ta faɗaɗa ma'anar wurin aiki har ta haɗa da tafiyar aiki, taron horaswa, hanyar zuwa da dawowa, da saƙonnin da ake aikawa saboda aiki. Ke nan abin da aka rubuta a zauren WhatsApp na ofis da ƙarfe goma na dare yana iya zama matsalarka. Ka tanadi hanyar kai ƙorafi fiye da ɗaya, domin tsarin da ya ce a kai wa shugaban sashe ba ya da amfani ga wadda shugaban sashen ne ke damunta.

A ganina, horas da shugabannin sashe ya fi sabunta takardu muhimmanci, ko da yake shi aka fi mantawa. Su ne ke karɓar buƙatar ma'aikaci a tsaye a bakin ƙofa, su ce "ba zai yiwu ba" kafin maganar ta isa ofishin kula da ma'aikata. A Birtaniya, tun 6 ga Afrilu 2024 ma'aikaci na da damar neman sassaucin lokaci ko wurin aiki daga ranar da ya fara aiki, sau biyu a shekara, kuma dole a tattauna da shi kafin a ƙi, a kuma ba shi amsa cikin wata biyu. Shugaban sashen da bai san da wannan ba zai iya karya dokar da jimla guda. Ka tara su, ka karanta musu abin da ya sauya, ka sa kowa ya rubuta sunansa da kwanan wata a takardar halarta, sannan ka ajiye ta a fayil ɗaya da sabuwar ƙa'idar da kuma sanarwar da ka aika wa ma'aikata, tare da ranar da za a sake duba su.