Yadda Ake Tsara Sigina da Raba Ƙarfi a Tasha Mai Eriya da Yawa

Wannan bayani na ɗalibin injiniya ne a jami'ar KNUST da ke Kumasi da kuma ma'aikacin da ke kula da tasoshin sadarwa a wuraren cunkoso irin su Kejetia, Asawase da Aboabo. Za mu yi aiki da tasha mai eriya 8 da ke son yi wa waya 4 hidima a lokaci ɗaya, a kan mitar rediyo (frequency) ɗaya. Firikodin shi ne nauyin da tashar ke ɗora wa siginar kowace eriya kafin ta tura, domin saƙon kowa ya taru a wayarsa ya kuma raunana a wayar maƙwabcinsa.

Fara da auna hanyar sigina. A tsarin TDD, inda tasha da waya ke turawa bi da bi a kan mita ɗaya, wayar ce ke turo siginar gwaji da ake kira SRS, tashar ta auna, sannan ta yi amfani da wannan awon wajen turawa ƙasa tunda mitar ɗaya ce. Amma sai an daidaita sassan turawa da na karɓa na kowace eriya, domin iska ce kaɗai ke zama iri ɗaya a hawa da sauka, na'urorin cikin tashar kuwa sun bambanta. A tsarin FDD, inda mitar hawa ta bambanta da ta sauka, wayar ce ke aunawa ta dawo da rahoton firikodin da ya fi dacewa da ita (PMI), da ingancin hanya (CQI), da yawan saƙonnin da za ta iya karɓa a tare (RI), kuma wannan rahoto taƙaitacce ne, don haka kada ka sa ran kashe katsalandan gaba ɗaya da shi.

Abin da ya fi lalata aiki a nan shi ne tsufan awo. A mitar 3.5 GHz tsawon zangon igiya kusan santimita 8.6 ne. Fasinjan trotro da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana jawo sauyin mitar da motsi ke haifarwa (Doppler) na kusan 97 Hz, wato hanyarsa na canjawa cikin kusan milisakan 4. Mai sayar da atamfa da ke zagaya rumfarta a ƙafa kuwa, awonta na iya kai milisakan 40 bai lalace ba. In ka sa wa su biyun SRS duk bayan milisakan 20, mai atamfa za ta samu sabis mai kyau, fasinjan kuwa za a riƙa harba masa sigina inda ya riga ya bari. Ko dai ka rage tazarar gwajinsa, ko ka cire shi daga rukunin masu raba mita ɗaya.

Sai zaɓen waɗanda za a haɗa. Ɗauki wayar da ta fi ƙarfin hanya, sannan ka lissafa kamancin hanyarta da ta sauran, daga 0 zuwa 1. Duk wadda kamancinta ya wuce 0.3 ko 0.4, ajiye ta zuwa wani zagayen. Wannan adadi mafari ne kawai, gwaji a wurin ne zai gyara maka shi. Mutane biyu da ke zaune a benci ɗaya, da tashar a kusurwa ɗaya, sau da yawa hanyoyinsu sun yi kama da yawa, kuma raba su da eriya 8 yana cin ƙarfi fiye da ribar da za a samu.

Yanzu firikodin ɗin kansa. Akwai dabaru uku: MRT, ZF da RZF. MRT yana tara ƙarfi kan kowace waya ba tare da kula da sauran ba. Ya dace da gefen yankin tasha, inda hayaniya ta fi katsalandan yawa. ZF yana kashe katsalandan ta hanyar W = Hᴴ(HHᴴ)⁻¹, inda W shi ne matriks ɗin nauyin firikodin, H kuma matriks ɗin awon hanyoyin wayoyin, amma da farashi: ribar eriya tana sauka zuwa kusan M − K + 1, inda M shi ne yawan eriya, K kuma yawan waya. Da eriya 8 da waya 4 ribar 5 ce. Da waya 8 ta koma 1, kuma a nan ne mutane ke mamakin yadda ƙara masu amfani ya rage jimillar gudu. A ganinmu RZF ne ya kamata ya zama zaɓin farko: ka ƙara α = Kσ²/P a kan layin tsakiyar HHᴴ kafin ka juya matriks ɗin, inda σ² shi ne ƙarfin hayaniya, P kuma jimillar ƙarfin tashar. Idan sigina ta yi ƙarfi zai yi aiki kamar ZF, idan ta yi rauni ya karkata zuwa MRT. In kuma awonka ba shi da tabbas, ƙara α kaɗan.

Bayan haka, daidaita kowane ginshiƙin W ya zama tsawonsa 1, sannan ka raba ƙarfi. Dabarar da aka saba da ita tana kama da zuba ruwa a kwano mai tudu da kwari a gindi: kwarin ne ke fara cika. Ka ce in an raba hayaniyar kowacce daga wayoyin huɗu da ribar hanyarta, ana samun tsayin gindin kwanon 1, 2, 4 da 12, jimillar ƙarfi kuma 8. Matakin ruwa zai tsaya a 5, don haka rabon zai zama 4, 3, 1 da 0. Ta huɗu ba ta samu komai ba. Wannan ya fi kowane rabo yawan jimillar gudu, amma in aka bar shi haka, wanda ke can cikin ɗakin da ke ƙuryar gida a Zango ba zai taɓa samun rabo ba. Maganinsa yana wajen mai tsara layi, wato sashen tashar da ke zaɓar wayar da za a yi wa hidima a kowane zagaye: a raba gudun da waya za ta iya samu yanzu da matsakaicin abin da ta samu a baya, a ba wayar da sakamakonta ya fi girma. Akwai wurin yin hakan sosai, domin MHz 20 na LTE (4G) na da tubalin mita 100, kowanne kHz 180, kuma ana sake rabo duk milisakan 1.

Kafin ka rufe, duba ƙarfin kowace eriya ita kaɗai. ZF kan ɗora wa eriya ɗaya fiye da abin da amfilifayarta za ta iya ɗauka ko da jimillar ba ta wuce iyaka ba. Siginar sai ta yanke a sama, ta fantsama zuwa mitar maƙwabta, abin da ya saɓa wa sharuɗan lasisin NCA, hukumar kula da sadarwa ta Ghana. Rage dukkan W da adadi ɗaya har eriyar da ta fi nauyi ta dawo cikin iyakarta, sannan ka sa ido kan yawan ƙunshin bayanai da ke isa da kuskure a turawar farko: in ya zarce kashi 10 cikin 100 ga wayoyin da aka haɗa kawai, koma kan tazarar SRS da iyakar kamanci.