Yadda za ka haɗa abincin dabbobi da zai cika ƙa'idar duniya

Masu kiwon kaji da masu turken shanu, akwai wata ɗabi'a da muke da ita, duk masarar da ta yi funfuna ko gyaɗar da ta yi ɗaci sai ka ji an ce a zuba wa dabbobi kar a yi asara. Toh wannan ɗabi'ar tana cikin abubuwan da dokokin duniya suke yaƙa, saboda gubar da dabba ta ci tana biyo nono da ƙwai da hanta ta dawo kwanonka. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa a 1963, ta fitar da kundin ciyar da dabbobi a 2004, kuma in ka duba yawancinsa abu ne da ƙaramin mai kiwo zai iya yi a gida.

Fara da sayen kaya. Babban abin tsoro shi ne afulatoksin, guba ce da funfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa da irin auduga, dafuwa ba ta kashe ta, kuma an gano ta ne bayan 1960 lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Tarayyar Turai ba ta yarda ta wuce kashi 20 cikin biliyan a kayan haɗi, abincin shanun tatsa kuwa kashi 5 ne kacal, don saniya in ta ci sai ta fito a madara. Ido ba ya ganin wannan adadin, sai gwaji. Amma dai a kasuwa ka sa a huda buhu ta sama da tsakiya da ƙasa, ka shinshina, ka duba ƙwaya mai kore-kore ko baƙi ko wadda ƙwari suka huda. Tunkuza da ƙuliƙuli su suka fi cin amana wallahi, tunda an riga an niƙe ba ka ga gyaɗar da aka matse ba, shi yasa in da yawa zaka saya gara ka ɗebi samfur ka kai ɗakin gwaji.

Sai bushewa. Masara kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100. In baka da na'ura, zuba busasshen gishiri da ƙwayar masara a busasshiyar kwalba ka girgiza ka ajiye na ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba toh da saura, a mayar rana, kuma a kan tamfol ba a ƙasa ba. In kai kake nomawa akwai Aflasafe, maganin rage afulatoksin na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da ake watsawa a gona sati biyu zuwa uku kafin fure.

A sito ɗora buhu kan katako, nesa da bango, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Maganin ɓera da fiya-fiya da taki su kwana wani ɗakin daban, kuma kar a zuba abinci a buhun da aka taɓa sa taki ko magani. Mai da zaka zuba a haɗi ma ka san asalinsa, a 1999 gurɓataccen mai ne ya shiga abincin kaji a Beljiyam aka kwashe kaji da ƙwai daga shaguna.

Kada ka ba shanu da tumaki da awaki garin nama da ƙashin dabbobi masu tuƙa, ta nan cutar haukan shanu ta bazu a Birtaniya har aka haramta a 1988. Maganin antibayotik kuma ba na ƙara ƙiba bane, Turai ta hana hakan tun 2006, in likitan dabbobi ya rubuta ka bi kwanakin jira da ke jikin kwalin kafin ka sayar da ƙwai ko ka yanka.

Sai littafi, wanda mutanenmu suka fi raina shi. Rubuta wa ya sayar maka, yaushe, buhu nawa, wane keji ya ci, ka kuma ajiye ɗan samfur na kowane haɗi a leda da kwanan wata. In na kamfani kake saye a Najeriya duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi, buhun da ba lamba ko ya jiƙe ta gindi ka bar musu kayansu.