Yadda na magance tsinkewar hoto a Microsoft Flight Simulator, wasan tuƙa jirgin sama na kwamfuta

Kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce, RAM ɗinta 16GB, katin hotonta GTX 1650. A sama jirgin na tafiya sumul, amma da na doshi sauka a Heathrow ta Landan sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, har saita jirgi kan titin sauka ya gagara.

Na sabunta direban katin (manhajar da ke tafiyar da shi), na rage Render Scaling (saitin kaifin hoto) zuwa 70. Hoton ya dusashe, fizgar tana nan.

Sai na kunna Developer Mode, na buɗe Display FPS, mai nuna adadin hotunan da ake zanawa a daƙiƙa (FPS). Nan na ga an rubuta “Limited by MainThread”. Ashe furosesa ce ke shan wahala, katin hoton zaman jiranta kawai yake yi.

Na shiga saitin Graphics na sauke Terrain Level of Detail (yawan bayanan ƙasa da ake zanawa) daga 100 zuwa 50, haka ma Objects Level of Detail (na abubuwan da ke kanta). Wannan ne ya fi yin aiki. Glass Cockpit Refresh Rate (saurin sabunta allunan gaban matuƙi) na mayar da shi Low. A Traffic na kashe jiragen da ke shawagi, na rage motoci da ma'aikatan filin jirgi. Daga nan na kunna V-Sync (mai daidaita hoto da saurin allo), na ƙayyade FPS a 30, na mayar da Render Scaling 100.

Alhamdulillahi, yanzu ina sauka Heathrow lafiya ƙalau.