Yadda ake auna katangar ƙungiyar NFL da cefanen 'yan wasan da ta yi a watan Maris

Duk shekara, da tsakiyar Maris ya yi aka buɗe kasuwar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, sai guruf ɗinmu na WhatsApp ya cika da hotunan ƙarti da alƙaluman miliyoyin daloli, kowa na bugun ƙirji cewa ƙungiyarsa ta gyara katanga. Mutum biyar ɗin nan da ke durƙusawa a gaban kwatabak, wato mai jifan ƙwallo, nake kira katanga: santa a tsakiya, gad biyu a dama da hagunsa, takul biyu a bakin gefe. Na ɗauka ka san wannan, ka kuma san sak, wato a kayar da kwatabak ƙwallo na hannunsa bai jefa ba. In ba ka sani ba, je ka kalli wasa biyu-uku ka dawo. Yawancin waɗanda suka shigo wasan nan daga kallon Firimiya, awon ɗan wasan gaba suke yi wa katanga: nawa aka saye shi, ƙwallo nawa ya ci. A nan suke zamewa, ni ma a nan na zame.

Da farko, ture lissafin sak gefe

Shi ne alƙalamin da ya fi sauƙin samu, shi ya sa sabon shiga ke rungumarsa. A Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar, na Fabrairun 2021, Tampa Bay ta doke Kansas City 31 da 9. Sau uku kacal aka kayar da kwatabak ɗin Kansas City, Patrick Mahomes, a daren, wanda ya duba takarda sai ya ce ai katanga ta yi ƙoƙari. Wanda ya hana idonsa barci ya kalla kuwa ya san mutumin gudun ceton rai ya kwana yi, domin takul ɗinsa biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya, kuma ESPN ta ƙirga an matsa masa sau 29. Ƙafarsa ce ta rufa wa katangar asiri. Akwai kuma kwatabak mai riƙe ƙwallo yana jiran wani ya kuɓuce can nesa, shi yake jawo wa kansa faɗuwa amma 'yan katanga ake zagi. Saboda haka abin da za ka ƙirga shi ne matsi, sannan ka tambayi kanka cikin daƙiƙa nawa matsin ya iso. ESPN tana da ma'aunin da ke ɗaukar ɗan katanga ya ci gwajinsa idan ya tare abokin karawarsa daƙiƙa biyu da rabi. Ni da wannan iyakar nake aiki. Matsi kafin biyu da rabi laifin katanga ne, bayan haka na fara zargin mai jifa. Makin PFF kuwa, kamfanin da ke ba 'yan wasa maki, ina dubawa, amma sai bayan na gama nawa kallon, don kada ya shiga gaban idona.

Na biyu, sami hoton da ya dace da littafin rubutu

Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ba ruwanta da ƙafar gad. Abin da kake so shi ne hoton da ake kira All-22, musamman wanda aka ɗauka daga bayan raga, inda za ka ga bayan mutum biyar ɗin a jere. Da dala ake biyan rijistarsa, ga shi yana shan data kamar ruwa. Mu uku muka haɗa kuɗi, kuma da datar dare nake kallo. Wanda ba shi da hali ya nemi masu fasa hoton a YouTube, sai dai ya sani abin da suka ga dama suke nuna masa.

Kada ka ce za ka kalli duk wasan, za ka gaji ka bari a mako na biyu. Tsame jifan da aka yi a gwaji na uku (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma) ana neman yadi bakwai ko fiye, da na mintunan ƙarshe idan ƙungiyar tana baya. A nan ne kowa a fili ya san jifa za a yi, babu yaudarar miƙa ƙwallo, babu gajeren jifa na sauri da zai ɓoye gazawa. Ja layi biyar a littafi, kowane ɗan katanga da nasa, ka ƙara na shida don abin da ba laifinsu ba ne. Ka kalli kowane jifa sau biyu aƙalla. A karon farko ƙafafu kawai: takul ya ja da baya a daidaice ko ya haɗe ƙafa, ƙugunsa na ƙasa ko ya miƙe tsaye kamar mai jiran mota. A karo na biyu hannaye: wa ya fara dasa hannu a ƙirjin wani. Wasa huɗu sun isa, amma ka tabbatar biyu daga ciki da ƙungiyoyi masu zafin farmaki aka buga. Takul ɗin da ya haskaka a kan rago bai faɗa maka komai ba.

Na uku, nemi inda bango ya tsage

A kan wannan zan daɗe, don a nan na sha kunya. A kakar 2021 an kayar da Joe Burrow, kwatabak ɗin Cincinnati Bengals, sau 51, da wasannin sili-ɗaya-ƙwale suka zama 70, tara a hannun Tennessee rana guda, bakwai a Super Bowl ɗin da Rams ta ci 23 da 20. Maris na zuwa Bengals ta shiga kasuwa. Ta ɗauko gad Alex Cappa daga Tampa Bay, shekara huɗu dala miliyan 35, da santa Ted Karras daga New England, shekara uku miliyan 18, da takul La'el Collins wanda Dallas ta sallama, shekara uku miliyan 21. Na kalli kowannensu shi kaɗai a tsohuwar ƙungiyarsa, na ga duk sun fi waɗanda za su gada, na rubuta a guruf cewa magana ta ƙare. Ranar 11 ga Satumba 2022, ƙarfe shida na yamma agogonmu, aka take wasa da Pittsburgh. Sak bakwai, an tare wa Burrow jifa huɗu. Mako na gaba a Dallas, sak shida. Goma sha uku a wasa biyu. Wani ƙanen abokina ya ciro tsohon saƙona ya sake turo shi guruf da rubutu a ƙasa: "Yaya, katangar taka da yawu aka gina ta?"

Da na koma kan hoton sai na ga kuskurena. Na auna bulo ɗaya-ɗaya, ban auna simintin da ke tsakaninsu ba. Mutum huɗu cikin biyar sababbi ne, har da Cordell Volson da aka zaɓo daga jami'a a zagaye na huɗu na zaɓen sababbin 'yan wasa, ga Burrow an yi masa tiyatar afendis a Yuli. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu tsaron abokan hamayya sun san haka, shi ya sa suke gwada sabuwar katanga da giciye. Ga yadda yake: wanda ke gaban gad sai ya daki waje, ya cusa kafaɗa tsakanin gad da takul ya ja su biyun, shi kuma na gefe ya ɗan jinkirta ya zagayo ta bayansa ya shigo ta ciki. Gad ɗin da ya saba da takul ɗinsa, yana jin nauyin ya bar hannunsa zai tura mutumin gaba, ya juyo kai ya tarbi mai zagayowa, ko magana ba sa yi. Wanda bai saba ba sai ya manne wa na farko kamar kaska, hanya ta buɗe fayau zuwa ƙirjin kwatabak. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuma galibi tsakanin mutum biyu take. Don haka a littafinka ka ware shafi daban na giciye: sau nawa aka yi musu, sau nawa suka miƙa wa juna daidai. Ka kuma kalli hannun santa kafin ya saki ƙwallo, shi ke nuna wanda za a fara ƙirga daga kansa. In ka ga mutum ya shigo ba wanda ya taɓa shi, ƙirga ce ta ɓaci, ƙarfi bai shigo ciki ba.

Waɗannan biyar ɗin dai suka ci gaba da buga wasa tare har Disamba, kakar ta ƙare an kayar da Burrow sau 41, ƙungiyar ta ci wasa takwas na ƙarshe a jere. Sannan Collins ya tsinke jijiyar gwiwa, Cappa ya ji ciwo a idon sawu, Jonah Williams ya goce ƙoƙon gwiwa, aka je Kansas City a Janairun 2023 da 'yan benci uku aka sha kashi 23 da 20. Tun daga nan dokata ita ce: ban yanke hukunci kan katanga sai na san waye na shida da na bakwai. Kuma mafi rauni a cikin biyar nake fara dubawa, domin shi kociyan abokan hamayya zai nema ya ɗora masa irin su Chris Jones, gwanin farmakin kwatabak na Kansas City.

Na huɗu, karanta kwantiragi daga ƙasa

Babban adadin da ake bugawa na wakilin ɗan wasa ne, don a yi masa tafi. A NFL ana sallamar mutum da sauran shekaru a takardarsa, kamar yadda Bengals ta sallami Collins a Satumban 2023. Nemi kuɗin da aka lamunce da kuɗin sa hannu, su ne ainihin alkawarin. Shafukan intanet na Over The Cap da Spotrac suna bajewa kyauta. Orlando Brown Jr. ya zo Cincinnati a 2023 kan miliyan 64 na shekara huɗu, miliyan 31 a ciki kuɗin sa hannu ne, irin wannan ba mai korarsa a shekarar farko ko ta biyu. Sannan ka raba albashin shekara da iyakar kashe kuɗi da gasar ta gindaya a wannan shekarar. Nate Solder ya karɓi miliyan 62 na shekara huɗu daga Giants a 2018, lokacin iyakar tana miliyan 177.2, kusan kashi tara cikin ɗari ke nan. A 2025 da iyakar ta kai miliyan 279.2, daidai yake da wajen miliyan 24 a shekara. Wanda bai yi wannan rabon ba kullum zai riƙa ihun an yi tsada.

Sauran a gurguje

Tambayi dalilin da tsohuwar ƙungiyarsa ta bar shi ya tafi, domin takul na ƙwarai da wuya ya iso kasuwa. Duba wa ya horar da shi. Solder da Trent Brown duk daga hannun Dante Scarnecchia na New England suka fito. Raiders ta ba Trent Brown miliyan 66 a 2019, ya buga wasa 16 cikin shekara biyu aka mayar da shi inda ya fito. Jeff Stoutland kuwa a Philadelphia ya mayar da Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya da aka zaɓa a zagaye na bakwai a 2018, takul na hagu. Duba tutar laifi: Jawaan Taylor ya karɓi miliyan 80 daga Kansas City a 2023, a shekarar ba wanda ya kai shi jawo tuta a gasar. Kada ka yarda da zancen za a sauya wa mutum gefe ya zauna lafiya, daga dama zuwa hagu kamar a ce ka koma cin tuwo da hagu ne. Shekaru ba na tsoronsu sosai, Andrew Whitworth yana da 35 Rams ta ɗauke shi a 2017, yana da 40 ya ɗaga kofi a kan tsohuwar ƙungiyarsa Bengals. Tarihin ciwon baya da na gwiwa nake tsoro.

In ka gama duk wannan a Maris, rufe littafin ka ajiye. Buɗe shi a mako na shida, ka ja sababbin layuka shida, ka fara da shafin giciye.